Kafin ka sayi turbo, a duba maka tiyo

1/ Masu gareji ku yi haƙuri, yau da ku nake. Motar dizal ta rasa ƙarfi, tana baƙin hayaki, ko bonet ba a gama buɗewa ba sai ka ji "Oga, turbo ya tafi." Wannan canki-canka ne, kuma da kuɗin mai mota ake yin cacar.

2/ Ga yadda abin yake. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya fankar turbo, sama da sau 100,000 a minti ɗaya. Turbo ya matso iska, ta bi ta tiyo zuwa intakula ta huce, ta sake bin wani tiyon ta shiga inji. Duk mahaɗa a hanyar nan tana iya yoyo.

3/ In tiyo ya tsage ko kilif ya saki, turbo na aikinsa, iskar ce ke gudu a hanya. Mai ya yi wa iskar da ta rage yawa, bai ƙone duka ba. Baƙin hayaƙin ke nan, shi ya sa kuma mota ke nishi a hawa.

4/ Alamun ba ɓoyayyu ba ne: sautin "fuuu" in ka taka totur, da danshin baƙin mai da ƙura ta manne a bakin mahaɗa. Tsagar takan ɓuya a ƙasan tiyo, ba ta buɗewa sai iska ta matsa. Shi ya sa a tsaye mota lafiya lau, a kan titi ta zama jaki.

5/ "Ai kwamfuta ce ta nuna." To me ta nuna? P0299 na nufin matsin iska bai kai yadda ake so ba. Ba ta faɗi mai laifi ba. Wanda ya ga lambar nan ya tura ka Ƙofar Ruwa neman turbo, rabin karatu ya yi.

6/ Akwai sauran waɗanda ake zargi. A Golf da Sharan masu injin TDI, siraran tiyon da ke bi ta bawul ɗin N75 su ke sarrafa turbo, ɗaya ya huje ƙarfi ya tafi. Sensan matsin iska kan toshe da baƙin toka. Ga filtar iska, wadda ƙurar hunturu ke cikawa.

7/ Gwajin ma ba tsada. A toshe hanyar, a hura iska kaɗan, a yayyafa ruwan sabulu a mahaɗai. Inda kumfa ta taso, nan ɓarawon yake.

8/ Wani zai ce ɗan jami'a me ka sani, turbo ba ya mutuwa ne? Yana mutuwa mana. Amma da shaida: sandar fankar na girgiɗi har tana gogar jiki, fukafukan sun ɓantare, shuɗin hayaki, inji na shan baƙin mai. Ɗan maiƙo a cikin tiyo kuwa ba hujja ba ne, ana samunsa a lafiyayyen inji.

9/ Masu mota ku ma ba ku tsira ba. A nuna maka tsaga, ka ce a ɗaure da roba da salatif "zuwa wani sati". Turbo zai yi ta ƙara gudu don cike iskar da ke zuba, har ya gaji da gaske. Rowar kuɗin tiyo ta ja maka kuɗin turbo.

10/ Direban haya da ke neman balas kullum, in aka sa shi ya ci bashi ya sayi turbo alhali tiyo ne, an zalunce shi. Kuma zai fito gareji da matsalarsa yadda ya shiga.

11/ Don haka in an ce maka turbo ne, ka ce: "Maigida, nuna min." Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin tambayar nan. Wanda ya ɓata rai kuwa, ɗauki makullinka ka yi gaba.