Wasiƙa Ga Dillalai Da Masu Ajiyar Albasa Na Aliero, Jega Da Maiyama



Akwai wata fasaha da sunanta ke yawo a tarurrukan noma da kasuwanci, ana ce mata bulokcen. Tun watan Mayun 2023 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa a kanta, don haka kada ku yi mamaki ran da wani matashi ya iso kasuwarku da waya a hannu ya ce ya kawo muku ita. Gara ya tarar kun san abin da za ku tambaye shi.

Bulokcen littafin ciniki ne da ba ya hannun mutum ɗaya. Manomi, dillali, direba da mai saye a Legas kowa na da kwafinsa a na'ura, abin da aka shigar kuma ya zauna, ba mai gogewa ko ya sauya shi a ɓoye. Ba sai an sayi kuɗin kirifto ake amfani da shi ba. Duk wanda ya ce ku fara zuba kuɗi kafin albasarku ta shiga, ku sallame shi da girma da arziki.

Kamfanin Walmart na Amurka ya gwada shi tare da IBM a kan mangwaro. Da, gano gonar da mangwaron kanti ya fito yakan ci kusan mako guda, da wannan littafi kuwa sai ya koma daƙiƙa biyu da 'yan kai. A 2018 kamfanin ya umarci masu kawo masa ganyaye su shiga tsarin. Amma a 2018 ɗin nan kamfanin jiragen ruwa na Maersk da IBM ɗin suka buɗe nasu mai suna TradeLens, zuwa farkon 2023 sun rufe shi, domin sauran 'yan kasuwar ba su shigo yadda ake bukata ba. Walmart mai saye ne babba, in ya faɗa dole a bi. Ku ba ku da irin wannan uban gida, sai dai yarjejeniyar da kuka ƙulla tsakaninku.

To me ya haɗa wannan da albasa? Asara. Tirela ta tashi daga Aliero, ta yi kwanaki a hanya, ta isa kasuwar Mile 12 ta Legas ko Onica. Aka kwance bakin buhu, na sama jajir, manya, ɓawo na ƙara. Aka zazzage, na tsakiya sun yi laushi, wuya ya jiƙe, ruwa na tsatsafowa ta ramukan buhu. Nan take waya ta ɗau zafi. Mai saye ya ce an cuce shi, dillali ya ce direba ne ya yi jinkiri, direba ya ce shingaye ne suka tsare shi, manomi kuwa ya riga ya karɓi kuɗinsa. Duk kun san cewa albasar da aka cika wa takin yuriya a ƙarshen girmanta, ko aka ci gaba da yi mata ban-ruwa har dab da cira don ta yi nauyi, ko aka zuba a buhu wuyanta bai bushe ba, ba ta jure zaman ajiya a rudu balle doguwar tafiya. Amma da yake an gwamutsa kayan gonaki biyar a mota ɗaya, ba mai iya nuna wadda ta jawo ruɓar. Sai mai kirki ya biya bashin mai ha'inci, baɗi kuma a maimaita. Kowace albasa da aka zubar a juji ta tafi da fetur ɗin injin ban-ruwa, da taki, da ruwan fadama, da man tirela, kuma kun san kuɗin fetur tun bayan cire tallafi a 2023.

Ga inda nake so ku tsaya ku saurare ni. Na'ura ba ta sunsunar albasa. In aka shigar da ƙarya, ƙaryar za ta adana, ta kuma hana a goge ta. Nauyin duka yana kan wanda ya tsaya a bakin gona ya danna wuyan albasa da babban yatsa, wato ku. Dillalin da manoma da fatake suka yarda da maganarsa ya fi manhajar tsada, ya kamata ya san haka kafin a zo a mayar da shi yaron shigar da lambobi.

Shawarata ku fara tun kakar bana, da littafi da biro. Kowane kaya ya samu lamba a jikin buhu da fenti. A rubuta sunan gari da gona, ranar da aka daina ban-ruwa, ranar cira, maganin da aka fesa na ƙarshe da ranarsa, kwanakin shanya, da ranar shiga rudu. Kada a haɗa kayan gona biyu a buhu ɗaya. Ƙungiyarku kuma ta zauna ta tsayar da nauyin buhu a kan sikeli, don littafin da ya ce "buhu ɗari" alhali wani buhun ya fi wani bai faɗi komai ba. Batun feshin nan kada ku raina shi: tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari, kuma haramcin ya haɗa da waɗanda ba su taɓa zuba maganin ba, don ba su da shaidar da za ta raba su da sauran.

In mai manhaja ya zo, ku tambaye shi wa zai mallaki bayanan, ku ko kamfaninsa. In kamfanin ya rufe kamar TradeLens, za ku iya kwashe littafinku? Yana aiki a ƙaramar waya da Hausa, a inda sabis ke ɗaukewa? Wa ke ganin farashin da kuka saya? Wane mai saye ne, da sunansa, ya yi alkawarin ƙara kuɗi a kan albasa mai shaida, ko wane banki zai karɓi rasit ɗin ajiya ya ba da rance? In ba ƙarin kuɗi ba rance, aiki kawai ya ƙara muku.

Jami'ar kimiyya da fasaha tana nan Aliero, da ɗaliban noma da na kwamfuta, wasunsu 'ya'yanku ne. Ku aika musu da littafin kakar farko su tattara, su nuna muku gonakin da albasarsu ta fi daɗewa a rudu da abin da masu su suke yi daban.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Wassalam.

Ɗanku, mai kishin sana'arku.