Ya kamata manhajar haɗa hotuna ta daina ɓoye inda ta yi ɗinki

Ƙasar Yagoua shimfiɗaɗɗiya ce, kuma abin da ke damun mutanenta ba ya shiga hoto ɗaya. Jingar da ke tare kogin Logone tana da tsawon kilomitoci masu yawa, gonakin shinkafar kamfanin SEMRY, wanda aka kafa a 1971, sun miƙe iya ganin ido, haka ma madatsar ruwan Maga da aka gina a 1979. Da ruwa ya yi ɓarna a 2012, da kuma a damanar 2024 da ya mamaye unguwannin Yagoua, duk mai son nuna girman asarar sai ya juya wayarsa daga hagu zuwa dama, ko ya ɗauki hotuna da dama manhaja ta haɗa su su zama hoto ɗaya mai faɗi. Irin wannan hoto shaida ne da manomi ko malamin gona ko mai unguwa zai kai gaban hukuma. Don haka ra'ayina shi ne, wajibi ne fuskar manhajar ta nuna wa mai aiki da ita inda ta haɗa da tabbaci da inda ta yi kame-kame.

Dalilin yana cikin yadda aikin ke gudana. Manhajar tana neman alamomin da suka fito a hotuna biyu masu maƙwabtaka, kamar kusurwar gini ko gindin bishiya, ta daidaita su, sannan ta shafe bakin haɗin har ido ya kasa ganinsa. Tun 2003 masu bincike Matthew Brown da David Lowe suka nuna cewa kwamfuta za ta iya gano waɗannan alamomi da kanta, kuma dabarar tana aiki sosai a birni mai gine-gine. A bakin Logone kuwa ruwa ba shi da alama tsayayya, kuma wannan fegin shinkafa kamar wancan yake. Kwalekwalen da ke tafiya yana iya fitowa biyu ko a yanke shi rabi, layin da ruwa ya kai a jikin jinga yana iya karyewa ko ya lanƙwashe, wasu manhajojin ma suna cike gurbin da ba a ɗauka ba da abin da suka ƙirƙira. Telan da ya ɓoye ɗinki gwani ne, amma a hoton da za a duba don sanin inda jinga ta tsage, ɓoyewar tana iya shafe tsagar kanta.

Abin da ake buƙata ba shi da wuya. Tun lokacin ɗauka, fuskar ta nuna ko sabon hoton ya hau kan na baya daidai gwargwado, ta kuma gargaɗi mai ɗauka idan babu komai a gabansa sai ruwa da sama, domin ya shigar da bishiya ko turken lantarki. Bayan haɗawa, maɓalli ɗaya ya fito da layukan ɗinkin, kore inda alamomi suka yi yawa, ja inda suka yi ƙaranci, wani launi dabam inda aka cike gurbi. Hotunan asali su zauna tare da ranarsu da wurinsu, komai ya yi aiki ba intanet, kuma a dogara da zane da launi fiye da rubutun Faransanci, tunda a kasuwar Yagoua ana jin Masa da Fulatanci da Musgum da Hausa.

Za a ce talaka maɓalli ɗaya yake so, ƙarin bayani ruɗa shi zai yi. Akwai gaskiya a ciki, domin manhajar Hugin, wadda kyauta ce kuma aka gina ta kan aikin Helmut Dersch, tana nuna alamomin haɗi da lissafin madubin kyamara har sabon shiga ya rasa ta inda zai fara, shi ya sa masu ita suka raba fuskarta gida uku, ta mai koyo da ta matsakaici da ta gwani. Sai dai darasin da ke nan shi ne a rage lissafi, a bar gargaɗi. Manomin da ya san jan layi a jikin ma'aunin ruwa ba zai kasa gane jan layi a waya ba.

Za a kuma ce tauraron ɗan adam ya wadatar. Amma gajimaren Agusta da Satumba yana rufe wa kyamarorinsa ido, masu aiki da rada irin Sentinel-1 kuwa suna nuna faɗin ambaliya ne, ba za su ga ramin da ruwa ya fara ci a gindin jinga ba. Wannan sai mutumin da ke tsaye a wurin. Bayan ambaliyar 2012 Bankin Duniya ya ba da kuɗin gyaran jingar Logone da madatsar Maga, kuma kula da su aiki ne na kowace damina. Hukumomi da ƙungiyoyin agaji da ke ba ma'aikatansu wayoyi don wannan sa ido su sanya sharaɗi tun wurin zaɓen manhaja: wadda ba ta nuna ɗinkinta kuma ba ta ajiye hotunan asali, kada a karɓi hotonta a matsayin shaida.