Taimakon Majami'u a Yankin Bunkure: A Nemi Ciwon da Ke Bakin Kanal

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, rayuwa ta sauya a Kura da Bunkure da Garun Malam. Ƙasar da a da sai da damina ake taɓa ta, yanzu da rani ma shinkafa da alkama da albasa take bayarwa, tumatirinta kuma daga kasuwar Kwanar Gafan har Legas yake kaiwa. Sai dai ruwan ya zo da nasa ciwo. Inda ya kwanta a gonakin shinkafa sauro ke hayayyafa, a bakin kanal kuma katantanwar da ke yaɗa tsargiya take zaune, tana jiran yaron da ya shiga wanka da manomin da ke wuni ƙafa cikin ruwa. A ƙauyukan kudancin Kano akwai Hausawa Kirista da majami'unsu, kuma taimakon mabuƙata na cikin ginshiƙan addininsu. Ra'ayina shi ne wannan taimako ya wuce rabon shinkafa da atamfa lokacin Kirsimeti, ya zama aiki mai ɗorewa da ake yi a fili, ga kowa, ba tare da sharaɗi ba. Idan aka yi shi haka, ya kamata al'umma ta karɓe shi hannu bibbiyu.

Tarihin ƙasar Hausa ya riga ya nuna irin taimakon da ke yin ƙarko. A 1937 mishan ɗin SIM ya karɓi kula da masu cutar kuturta a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato, tare da haɗin kan hukumomin En'e. A 1943 ya buɗe asibitin ido a Kano, wanda yau yake hannun cocin ECWA, kuma har gobe Musulmi na tururuwa can neman aikin yanar ido. A Nijar, asibitin Galmi yana aiki tun 1950. Misalin da ya fi dacewa da manoma kuwa daga Maraɗi ya fito, inda tun 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi ta jan hankalin manoma su daina tumɓuke kututture, su riƙa gyara tohon da ke fitowa har ya zama itace. Dabarar ita ce ake kira sassabin zamani, kuma an ƙiyasta ta farfaɗo da kadada miliyan 5 a kudancin Nijar. Abin da ya haɗa ayyukan nan ɗaya ne: kowanne ya duba abin da ke damun mutanen wurin, ya zauna a kansa shekara da shekaru.

Wani zai ce taimakon coci tarko ne na janye mutane daga addininsu. Wannan tsoro yana da tushe, domin a zangon kutare na zamanin Turawa an haɗa magani da wa'azi, wasu majinyata da 'ya'yansu kuma sun sauya addini. Amma maganin wannan shi ne a gindaya ƙa'ida tun kafin a fara. Kada a sa wa mara lafiya sharaɗin sauraron wa'azi kafin a ba shi magani, kada a keɓe yaro da wata koyarwa ba da sanin iyayensa ba, kuma kowane aiki ya bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, da sanin limaman gari. Majami'ar da take yi don Allah ba za ta ga wannan a matsayin takura ba, tun da addininta ya umarce ta da son maƙwabci, bai ce sai wanda suke addini ɗaya ba. Dubban Musulmin da aka buɗe wa ido a Kano suka koma masallatansu shaida ne cewa ana iya warkar da mutum a bar masa imaninsa.

Wani kuma zai ce ai wannan aikin gwamnati ne, ko kuwa Musulmi suna da zakka da waƙafi, me ya kai su neman na wani. Gaskiya ne gyaran kanal haƙƙin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ne, asibitoci kuma na gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi, kuma bai kamata a daina matsa musu ba. Amma yaron da ke fitsarin jini yau ba zai jira kasafin kuɗin baɗi ba. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, duk da haka buƙata ta fi abin da ake tarawa nesa ba kusa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan coci ya haƙa rijiyar burtsatse, kwamitin masallaci ya ɗauki nauyin gyaranta, babu wanda ya ragu.

Don haka aikin da ke gaban majami'un yankin a bayyane yake. Su samar da ruwan sha mai tsabta da masai domin rage tsargiya daga tushe, su taimaka wa ma'aikatan lafiya wajen kai maganinta makarantun boko da na allo, su raba gidan sauro ga 'yan ci-ranin da ke kwana a bukkokin gona, su koya wa mata busar da tumatir cikin tsabta don kada arhar lokacin kaka ta cinye wahalar manomi. Su kuma bayyana wa jama'a abin da suka samu da yadda suka kashe. Sarakuna da malamai su ma akwai nasu nauyi: su sa ido, su gyara inda aka kauce, kuma su kare masu aikin daga jita-jita muddin suna kan ƙa'ida.