Tsanin sauti marar masauki ya cancanci gurbi a jitar bas

Tun da Leo Fender ya fito da jitar Precision Bass a 1951, aikin mai kaɗa jitar bas a fili yake: shi ke riƙe gindin kiɗa, ya nuna wa sauran makaɗa inda aka dosa. Shi ya sa wasu ke ganin ɓata lokaci ne ya koyi tsanin sautin da ba shi da masauki. Sun yi kuskure.

A kiɗan Turawa sautuka 12 ne ke zagayawa. Wannan tsani yana ɗaukar shida, ya taɓa ɗaya ya tsallake ɗaya. Da yake tazarar duk iri ɗaya ce, babu sautin da ya fi wani girma, kunne sai ya rasa inda zai huta. Iri biyu ne kacal a duniya. A wuyan jita kuwa abin da sauƙi: idan makaɗi ya gusa hannu da gaɓa biyu, yatsunsa za su koma kan tsarin da suka baro.

Ba jiya aka fara ba. A 1842 Mikhail Glinka na Rasha ya ba mugun boka Chernomor wannan amo a wasan waƙe na Ruslan da Lyudmila, don tsoratar da 'yan kallo. Claude Debussy na Faransa ya gina kusan dukan kiɗansa "Voiles", da ya fito a 1910, a kansa. Thelonious Monk ya riƙa gangarowa da shi a fiyano, Stevie Wonder kuma ya buɗe waƙarsa "You Are the Sunshine of My Life" da shi a 1972, mutane suka yi ta sauraro.

Masu ƙorafi suna da hujja guda. Tsanin ba shi da cikakken sauti na biyar, abin da mai bas ya fi jingina da shi bayan tushe. Wanda ya daɗe a kai zai bar mawaƙi yana lalube, masu rawa su yi cirko-cirko.

Maganin wannan sanin gurbi ne. Stevie Wonder daƙiƙu kaɗan ya ba shi kafin murya ta shigo. Haka ya dace mai bas ya yi: ya saka shi a gaɓar da kiɗa ke shirin komawa tushe, ya hau taku uku ko huɗu, sannan ya dira daidai da bugun ganga.