Takobin kokowa: kaye ɗaya ya isa

A fadojin Ƙonni, Malbaza da Ilela, duk lokacin gasar takobi kowace rana da gwarzonta, da kuma wanda ya ba magoya baya kunya. Amma ƙa'idar gasar, wadda aka fara a Tawa a 1975, ba ta duba wanda ya fi burgewa. Cikin 'yan kokowa 80 na jihohi takwas, wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki na shida a Agadas, Disamban 2023, don bai faɗi ba. Masu zaɓen goman jihar Tawa su nemi mai wuyar kayarwa, ko da wasansa ba ya sa a yi ihu.