Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: A Tura Ɗalibanmu Na Tsara Birane Su Auna Azare

Maganar da muka kawo yau ba za ta yi wa kowa daɗi ba, musamman iyayen da ke da 'ya'ya a jami'a, da kuma 'yan'uwanmu 'yan ƙasar Katagum da ke tara kuɗi a nan Ibadan suna aikawa gida a saya musu fili a Azare. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai kwas a jami'a da ake kira tsara birane da yankuna. Yaran unguwar nan da ke karanta shi ba su da yawa, kuma 'yan kaɗan ɗin ma ana ɓarnatar musu da lokaci mafi daraja a karatun, wato watanni shida na sanin makamar aiki. Abin da muke cewa shi ne, duk ɗalibin wannan fanni da asalinsa ƙasar Katagum ce, ya je ya yi watannin nan a Azare, cikin lungu da kasuwa da bakin gari, kuma mu mazauna Sabo mu ɗauki nauyinsa.

Bari mu fara da rainin da ake yi wa karatun kansa. Yaro ya nemi likitanci ko lauya bai samu ba, aka ba shi tsara birane, sai gida ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Wani ma cewa yake yi, "Au, masu rusau ɗin nan?" To, ba laifinsa ba ne gaba ɗaya, domin talaka bai cika haɗuwa da ma'aikacin tsara gari ba sai ranar da aka shafa wa bangonsa jan fenti. Sai dai rusau alama ce ta cewa aikin bai zo da wuri ba. Asalin aikin shi ne tun kafin a sa tubali a ce nan hanya ce, nan magudanar ruwa, nan makaranta, nan maƙabarta, nan kuwa kwari ne, kada kowa ya gina. A shekaru biyar na digirin ana koya wa yaro awon ƙasa, zanen taswira da hannu da kwamfuta, dokokin filaye, tsarin gidaje da sufuri da kwashe shara. Ana karanta shi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, har da nan kusa da mu, Jami'ar Ibadan. Fannin yana da ƙungiyarsa ta ƙasa tun 1966, yana da hukumar yi wa ƙwararru rajista tun 1988. Ba karatun wanda ya rasa tudun dafawa ba ne.

Sai batun watanni shidan. Shirin da ɗalibai ke kira SIWES, hukumar ITF ce ta ƙirƙiro shi a 1973, domin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya karɓi takarda. Kowa a unguwar nan ya san abin da wasu suka mayar da shi. Uba ya kira wani babba, babba ya kira wani, a samar wa yaro kujera a ofis mai sanyi a Abuja ko Legas. Yaro ya yi wata shida yana kai takardu wurin hoto, yana sayo wa oga abinci. Wani ko ofis ɗin ba ya zuwa: yana shagon babansa a Bodija ko Sasa, in lokaci ya cika a kai littafin aikin a buga masa hatimi. Uban yana murna wai ya yi dabara. Wace dabara? An biya kuɗin makaranta shekara huɗu, sannan da aka zo wurin da karatun zai zama sana'a, sai aka sayi sa hannu. Wanda bai taɓa bin lambatu daga farkonsa zuwa ƙarshensa ba, ta yaya zai zana wa gari hanyar ruwa?

Me ya sa muka ce Azare? Domin gari ne da ke girma a gaban idonmu, kuma har yanzu icen ɗanye ne, ana iya tanƙwara shi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Katagum mutum kusan dubu ɗari uku, kuma duk wanda ya je sallah gida ya san an wuce nan nesa. Ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga babban asibitin tarayya, ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, ga jami'ar jiha a Gadau, ga tagwayen titin Kano zuwa Maiduguri. Kowanne ɗaya daga cikin waɗannan yana jawo ma'aikata da ɗalibai da 'yan haya, kuma kowane ɗan haya ɗaki yake nema. Shi ya sa gonakin hanyar Potiskum da hanyar Misau da hanyar Jama'are suke komawa fegi-fegi.

An kuma riga an yi mana gargaɗi. A watan Yunin 2018 gobara ta cinye babban sashe na kasuwar Azare, har shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya zo jihar jaje. A daminar 2024 ruwa ya yanke titin Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙaramar hukumar Katagum. Can arewa kuwa, mutanen Zaki da ke bakin kogin Jama'are sun san abin da ambaliya ke yi wa gida da gona. Za a ce ƙaddara ce. Haka ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma faɗin layin kasuwa da motar kashe gobara za ta bi, mutum ne ke auna shi. Girman kwalbati, mutum ne ke lissafa shi. Kududdufin da aka cike da shara aka gina a kansa, ba daga sama aka cike shi ba.

Kada wani ya ce tsara gari baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Malam Zaki, mai tutar Shehu Usmanu, da magadansa sun kafa Katagum da tsari. Lokacin da Bature Kilafaton ya isa garin a 1824, ya tarar da shi mai kusurwa huɗu, da ganuwa biyu da ramuka a kewaye da ƙofofi huɗu, har ya yaba ƙarfinsa. Wani ne ya zauna ya yanke inda ƙofa za ta kasance da inda kasuwa za ta ci. Da aka dawo da fadar sarki Azare a zamanin Turawa, ita ma ba haka kawai aka zube ta ba. Kakanni sun auna gari da igiya da basira. Jikoki suna da igiyar, basirar ce ake neman a bari a baya.

Nan ne maganar ta zo kan masu sayen fili daga nesa. Mutum yana Sabo, dillali ya kira shi a waya: ga fili ya faɗi a bayan gari, awon igiya, araha. Ya tura kuɗi, aka rubuta takarda, shaidu suka sa hannu. Bai tambaya ko an bar hanya ba. Bai tambaya ina ruwa ke bi in an yi mamako ba. Shi kuwa mai gona, duk taku ɗaya da ya bari don hanya asara yake ganinta, sai ya matse layi har mota ɗaya ba ta wucewa, bare a yi zancen filin makaranta. Bayan shekara goma unguwa ta cika, mai naƙuda sai an ɗauko ta a hannu zuwa bakin titi. Ranar da gwamnati ta zo fitar da hanya, sai ga jan fenti a bangon gidan da aka gina da gumin shekara ashirin na fataucin shanu ko goro. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar cikin birni a hannun gwamna, kuma takardar dillali ba shaidar mallaka ta gwamnati ba ce. Kuɗin Sabo yana cikin abin da ke gina sababbin unguwannin Azare. Tunda haka ne, ilimin 'ya'yan Sabo ma ya kamata ya bi kuɗin.

Mu da ke zaune a nan ai bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Tun 1916 aka yanka wa Hausawa Sabo, kuma kowa ya ga yadda ɗaki ya hau kan ɗaki, kwata ta rasa mafita. Dattawanmu sun ga abin da Ogunpa ya yi a 1980, matasanmu sun ga ambaliyar Agustan 2011. Wanda ya ga wannan da idonsa, sannan ya je ya shuka irinsa a garinsu, me za a ce masa?

Mun san abin da za a mayar mana. Na farko, za a ce a Azare babu babban ofis da yaro zai koyi aiki, kuma makaranta ba za ta yarda ba sai da mai duba shi. To, kowace ƙaramar hukuma tana da sashen ayyuka, jihar Bauchi tana da ma'aikatar da ke kula da filaye da hukumar raya birane. Yaro na iya zama a ƙarƙashin ɗayansu, aikinsa na fili kuwa ya kasance a Azare, da sanin malamansa. Abin da ake bukata shi ne a rubuta takarda da wuri, wani dattijo ya taka ya kai. Ƙafar da ake takawa don nema wa yaro kujera a Abuja, ita ce dai za a taka. Tun 2003 ma Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Ashe aikin yana gida, ba a Abuja ba.

Na biyu, za a ce me ɗalibi zai iya? A dubi Darussalam ta Tanzaniya. Daga 2015, a wani shiri mai suna Ramani Huria, ɗaliban Jami'ar Ardhi da na Jami'ar Darussalam sun shiga unguwannin da ruwa ke ci, tare da mazauna wurin, suka sa gidaje da lunguna da magudanan ruwa a taswira, da waya da takarda. A Kibera ta Nairobi ma matasan unguwa ne suka zana taswirar unguwarsu tun 2009. Taswirar OpenStreetMap kyauta ce, kowa na iya ƙara mata bayani. Yaranmu ba su fi waɗancan ƙarancin kai ba, wayoyinsu kuma ba su fi nasu arha ba. Ɗalibi uku ko huɗu, cikin wata shida da ya haɗa da damina, za su iya nuna kowane wuri da ruwa ke kwanciya daga Ƙofar Gabas zuwa Bakin Kasuwa, kowane lambatu da ya toshe, kowane layin kasuwa da mota ba ta shiga.

Na uku, za a ce yaro an haife shi a Ibadan, bai san Azare ba. Ai wannan dalili ne na tura shi, ba na hana shi ba. Zai san dangi, zai san mai unguwa, zai koyi yadda ake yi wa dattijo magana a kan gonarsa, abin da babu malamin da zai koya masa a aji. Yarinya ma haka: tana da gidan kawu ko gwaggo da za ta sauka, kuma ita ce za ta shiga cikin gida ta ji daga bakin mata inda ruwan wanke-wanke ke taruwa da nisan da yara ke yi kafin su samo ruwan sha.

Saboda haka ga abin da muke nema. Ƙungiyoyinmu na 'yan gida su rubuta sunan kowane ɗalibi da ke wannan fanni ko makamancinsa, irin su awon ƙasa da zanen gine-gine. A ware wani abu daga kuɗin da ake tarawa, a biya musu mota da abinci da kuɗin data, domin alawus ɗin shirin ba abin dogaro ba ne. A nemi albarkar fadar Mai Martaba Sarkin Katagum, Alhaji Umar Faruƙ na Biyu, domin ba a shiga unguwa da abin awo ba tare da sanin masu unguwa ba. In yara sun gama, a buga aikin kwafi uku: ɗaya ga ƙaramar hukuma, ɗaya ga fada, ɗaya a nan Sabo, inda duk mai son sayen fili zai duba kafin ya tura ko sisi. Aikin binciken shekarar ƙarshe ma a ɗora shi a kan wannan, maimakon kwafo na wani. Ɗaliban da asalinsu Kano ne ko Sakkwato ko Katsina su yi wa garuruwansu haka, wanda kuwa ba shi da wani gida sai nan, ga Sabo tana jiran mai aunawa.

Shekara da shekaru mutanenmu suna neman a ba su jihar Katagum, da Azare a matsayin babban birni. Muna tare da su. Amma in aka wayi gari an bayar, ina za a sa sakatariya? Ina za a fitar da tituna? Gidajen wa za a rushe? In kuma ba a bayar ba, garin dai ba zai daina girma ba, ruwan sama ma ba zai jira majalisa ba. Filin da ba a tsara bana ba, baɗi gida ne a kansa.

Iyaye, shekarar sanin makamar aiki tana zuwa sau ɗaya ne. Kada a sayar da ita a kan hatimi. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya tsare garuruwanmu daga gobara da ambaliya, amin.