Jarrabawar kwamfuta: Saitin da ba a biyan kowa ya duba shi ke cinye shekarar ɗan manomi

Ranar 14 ga Mayu, 2025, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida yana neman afuwa. Ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas sun samu sakamakon da ba nasu ba, dole aka sake musu jarrabawa. Ba gobara aka yi ba, ba kuma ɓarayin intanet ne suka kutsa ba. Bayanin da hukumar ta bayar shi ne an yi wa manhajar jarrabawa gyara, amma ma'aikatan kamfanin da aka ba aikin ba su saka gyaran a kan wasu daga cikin manyan kwamfutocin da ke raba tambayoyi ba.

Waɗannan manyan kwamfutoci su ne ake kira uwar garke, masu gyara kuma su ce saba. Abin da ya faru a Legas bai shafi Funtua da Malumfashi ba a wancan karon, amma irin sakacin da ya haife shi yana zaune daram a ɗakunan kwamfuta na yankin nan.

Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta baki ɗaya, kuma a 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da aniyar mayar da WAEC da NECO kan wannan turba. Yaron da ya taso daga Bakori, Danja, Ƙafur ko Dandume, wanda mahaifinsa ya sayar da masara ya biya masa kuɗin rajista da na mota, makomarsa a ranar jarrabawa tana rataye ne a wuyan na'ura ɗaya da ke ciyar da kwamfutoci 250 ta wayoyi. Manhajar ta hukuma ce, amma ɗakin, wutar, wayoyin da kwamfutocin duk na mai cibiya ne.

Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin darajar saiti. Manomin da ya ɗauko hayar tarakta ba ya yarda a shiga gonarsa sai ya ga zurfin da aka ɗaura garma. Funtua ta yi suna da injinan gurzar auduga, kuma babu wanda ke kunna irin wannan inji a farkon kaka bai kwance shi ya daidaita ba. Sai ga shi idan aka zo kan kwamfuta, mai cibiya zai kashe miliyoyi wajen sayo na'urori, galibi na hannu, a jona, allo ya kawo haske, a ce aiki ya kammala.

A cikin kowace kwamfuta akwai wata ƙaramar manhaja da ke dashe a jikin allonta, wadda ke farkawa kafin Windows ko Linux. Ita ce BIOS, sabon samfurinta kuma UEFI. Ita ke yanke shawarar yawan wutar da ƙwaƙwalwar na'ura za ta ja, gudun fankoki, da abin da za a yi idan wuta ta ɗauke ta dawo. Kamfanoni irin su Dell da HP suna fitar da na'urorinsu da saitin tsaka-tsaki, wanda ke rage gudu idan aiki ya yi sauƙi domin tsimin lantarki. Haka ma Windows Server, da tsarin wuta na tsaka-tsaki take zuwa. Na'urar hannu kuwa tana isowa ne da saitin da wani ofishi a Turai ko Amurka ya yi mata shekarun baya, don wani aiki daban a wani yanayi daban.

Nan ne matasan masu gyara ke yin kuskure na biyu. Sun kalli bidiyo a YouTube, an ce a kashe duk wani tsimin wuta, a sa na'ura a kan ƙarshen gudu. Shawarar tana da amfani a ɗakin da sanyinsa ba ya yankewa. Ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE a Amurka ta ba da shawarar iskar da ke shiga irin waɗannan na'urori ta kasance tsakanin digiri 18 zuwa 27. JAMB kuwa ta yi jarrabawar 2025 ne daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, lokacin da zafin rana a kudancin Katsina ke kusantar digiri 40. Ƙwaƙwalwar kwamfuta idan ta yi zafi fiye da kima, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Wato wanda ya buɗe mata wuta a ɗaki mai zafi, fankokinta cike da ƙurar hunturu, ya ƙara shan man janareta ne kawai, ya kuma samu na'urar da za ta fara ja da baya da tsakar rana, daidai lokacin da rukuni na biyu ke zaune.

Saboda haka saitin da ya dace da Funtua yana farawa ne da abin hura ƙura da ma'aunin zafi. Sai an san zafin da na'urar ke kaiwa a ƙarƙashin cikakken nauyi, kwamfutoci 250 duk suna aiki, sannan za a san ko a ƙara mata gudu ko a bar ta.

Akwai ƙananan abubuwa da suka fi wannan cin mutane. A jikin allon kwamfuta akwai ɗan batiri mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe agogo da saitin BIOS idan an kashe wuta. Yana mutuwa bayan 'yan shekaru. Da ya mutu, agogo ya koma baya, saitin da aka yi wahalar yi ya goge, manhajojin da ke duba kwanan wata don tsaro su ƙi buɗewa. Batirin bai kai kuɗin kwanon masara ba, amma cibiyoyi nawa ne ke canza shi kafin ya mutu?

Haka batirin da ke kan katin sarrafa faifan ajiya a manyan sabobi. Idan ya yi rauni, katin yakan daina tara bayanai a ma'ajiyarsa mai sauri, ya koma rubuta komai kai tsaye a faifai. Na'urar ba ta mutu ba, fitilunta na ci, amma duk amsar da ɗalibi ya danna sai ta yi jinkiri. Masu sa ido za su ce "matsalar netwok ce", kalmar da ta zama bargon rufe kowane irin sakaci, alhali netwok ɗin waya ba shi da hannu a ciki.

Sai batun wuta. A yankin da KEDCO ke ba lantarki, sauyawa daga wutar gari zuwa janareta ko inbata abu ne na kullum. A BIOS akwai zaɓin da ke sa kwamfuta ta tashi da kanta da zarar wuta ta dawo. Yawancin kwamfutocin tebur suna zuwa da shi a kashe, sai ma'aikaci ya bi layi yana danna su ɗaya bayan ɗaya, yara na kallon agogo. Katin da ke haɗa kwamfuta da waya ma yana da saitin yin barci don tsimin wuta, wanda a ɗakin jarrabawa ba shi da wani amfani sai yanke ɗalibi daga uwar garke.

Mai karatu zai iya cewa darasin Legas shi ne a riƙa sabunta manhaja da zarar sabuwa ta fito. Ba haka ba ne kai tsaye. Ranar 19 ga Yuli, 2024, sabuntawa ɗaya daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu Windows, a ƙiyasin Microsoft, har jirage suka kasa tashi. Rashin sabuntawa ya yi ɓarna a Legas, sabuntawa ba gwaji ta yi ɓarna a duniya. Abin da ake bukata shi ne a sabunta da wuri, a gwada, sannan a kulle, kada Windows ta ga damar sake kunna kanta ana tsakiyar jarrabawa. Ga kuma Windows 10, wadda Microsoft ta daina tallafa wa kyauta ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba za su ɗauki Windows 11 ba.

Masu cibiyoyi suna da hujjarsu: man dizal ya yi tsada, jarrabawa 'yan makonni ce a shekara, riƙe ƙwararren ma'aikaci wata goma sha biyu nauyi ne. Gaskiya ne. To amma aikin da ake magana ba na shekara ba ne, na 'yan kwanaki ne, kuma akwai matasa masu difloma a fannin kwamfuta a Funtua da Malumfashi da ke zaman gyaran waya saboda ba a kira su ba. Cibiyoyi uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su ɗauki mutum ɗaya.

Masu duba cibiyoyi kafin a ba su izini sun saba ƙirga kwamfutoci, kujeru, kyamarori da janareta. Ya kamata su ƙara da neman takarda ɗaya, manne a bangon ɗakin uwar garke, mai ɗauke da ranar da aka hure ƙura, ranar da aka canza batura, lambar BIOS da ke kan kowace na'ura, zafin da aka auna lokacin gwaji da cikakken nauyi, da sunan wanda ya yi aikin da sa hannunsa. Lokacin yin wannan aiki shi ne ƙarshen Fabrairu, bayan hunturu ya lafa, kafin jarrabawar gwaji.